Tsallake Shekara: Yadda Gidan Basine Ke Rufe Tsohuwa Ya Buɗe Sabuwa

A bakin Sinawa na yau da kullum, abin da ake yi a ƙarshen shekara sunansa guo nian, wato tsallake shekara, kamar yadda mutum ke tsallake rafi. Ita kanta kalmar nian daga gona ta fito. A rubutun da aka tono a kan ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru na zamanin daular Shang, sama da shekara 3000 da suka wuce, harafin hoton mutum ne ɗauke da damin hatsi, ma'anarsa kuwa girbi. Da yake sau ɗaya ake girbi a arewacin ƙasar, sai girbin ya zama sunan shekarar kanta. Wanda ya riƙe wannan zai gane yawancin al'adun. Gidan manomi ne ya gama aiki, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya hana fita, sai aka zauna rufe lissafi da maƙwabta da kakanni da abin bauta kafin a koma gona. Abin da ake yi kafin daren ƙarshen shekara duk rufewa ce, abin da ake kiyayewa bayansa kuwa gudun ɓata abin da aka buɗe ne.

Mai lissafi da watannin Musulunci ya riga ya san rabin kalandar gargajiyar Sin. Wata kwana 29 ne ko 30, goma sha biyunsu su ba da kwana 354 ko kusa da haka. A wuri biyu aka rabu. Na farko, ba a jiran ganin jinjirin wata. Ranar da wata ya shiga tsakanin duniya da rana bisa lissafin taurari, a agogon Beijing, ita ce ɗaya ga wata, shi ya sa watansu kan riga na Hijira kamawa da kwana ɗaya ko biyu. Na biyu, shekarar Hijira tana barin giɓin kwana goma sha ɗayan nan ya yi ta taruwa, azumi ya riƙa zagaya yanayi, amma manomin Sin ba zai iya da haka ba, domin kalandar ce ke faɗa masa lokacin shuka. Saboda haka ake cusa wata na goma sha uku sau bakwai cikin kowace shekara 19. A 2023 wata na biyu aka maimaita, a 2025 na shida. Ƙa'idar da ke riƙe da lissafin ita ce, ranar da dare ya fi tsawo a shekara, wajen 21 ko 22 ga Disamba, dole ta faɗo cikin wata na goma sha ɗaya. Daga nan sabuwar shekara kan zo a kamawar wata ta biyu bayan wannan rana, kuma ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. A 2024 ta zo ranar 10 ga Fabrairu, a 2025 ranar 29 ga Janairu, a 2026 ranar 17 ga Fabrairu, a 2027 ranar 6 ga Fabrairu.

A labaran Hausa za ka ji ana cewa bikin bazara, fassarar sunansa na hukuma, Chunjie. Sunan yana iya ruɗar da Bahaushe, don bazararmu zafi ce mai ƙuna kafin ruwa ya sauka. Tasu kuwa ƙarshen sanyi ne, kuma a Beijing ko Harbin ana bikin ne tafkuna na daskare.

Ba tun fil azal watan nan ne farkon shekara ba. Daulolin farko kowacce da nata: daular Qin, wadda ta haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, da wata na goma take buɗe shekara. Sarki Wu na daular Han ne ya fito da kalandar Taichu a shekara ta 104 kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsayar da wata na ɗaya, kuma kusan a haka aka tafi har aka kawo ƙarni na 20. A ƙarnin ne bikin ya sha wuya. Da aka kafa jamhuriya a 1912 gwamnati ta koma kalandar Turawa, ta ɗauke tsohon sunan ranar, Yuandan, ta ba 1 ga Janairu. A 1914, zamanin shugaba Yuan Shikai, aka laƙaba wa tsohon bikin sunan Chunjie. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Kuomintang ta yi yunƙurin hana shi baki ɗaya, jama'a suka yi kunnen uwar shegu da dokar, cikin 'yan shekaru aka janye. A 1967, ana tsakiyar Juyin Juya Halin Al'adu, aka soke hutun aka ce kowa ya fito aiki, bai dawo sosai ba sai 1980. Yau ga shi a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, kuma daga 2025 gwamnati ta ƙara jajibirin cikin ranakun hutu na doka, suka zama huɗu, waɗanda in an haɗa da ƙarshen mako sukan kai kwana takwas ko tara. Abin da ya hana shi mutuwa a fili yake: a cikin gida ake yinsa, doka kuwa a bakin ƙofa take tsayawa.

Akwai labarin da kowane yaro a Sin ya sani, na wani dodo mai suna Nian da ke fitowa daren ƙarshen shekara yana cin dabbobi da mutane, har aka gano yana tsoron jan launi da wuta da ƙara. Tatsuniya ce mai daɗi, amma masu binciken tarihi ba su same ta a tsofaffin littattafai ba, a rubuce-rubucen ƙarni na 20 ta bayyana. Abin da ke rubuce tun ƙarni na 6, a bayanin da Zong Lin ya yi kan bukukuwan yankin Jingchu, shi ne mutane kan tashi da asuba ranar ɗaya ga wata su jefa gora cikin wuta don korar aljanun duwatsu. Gora tana da gaɓoɓi rufaffu, in iskar ciki ta yi zafi sai ta fashe da ƙara. Da albarushi ya samu aka koma naɗe shi a takarda, amma sunan bai canza ba, har yau baozhu ake cewa, wato gora mai fashewa.

Shiri kan fara ne tun takwas ga wata na goma sha biyu, ranar Laba, da ake dama kunun shinkafa da gero da wake iri-iri da gyaɗa da busassun 'ya'yan itace. A arewa ranar ce ake ɓare tafarnuwa a zuba cikin ruwan khal na shinkafa, a toshe kwalbar a ajiye wuri mai sanyi. Cikin mako biyu zuwa uku za ta koma koriya shar, daidai lokacin da za a ci da ita daren biki. Wadda ta ƙi canza launi, galibi sabuwar tafarnuwa ce da ba ta sha sanyi ba tukuna.

Ranar 23 ga wata a arewa, 24 a kudu, ita ce ƙaramar shekara, ranar sallamar Zao Jun, abin bautar murhu. A aƙidar gargajiya, hotonsa na takarda da ke liƙe a saman murhu shekara guda yana kallon duk abin da gidan ke yi, kuma a wannan rana yake hawa sama ya kai rahoto ga Sarkin Sama. Sai a ajiye masa alewa mai danƙo ta tsiron sha'ir, wasu har su shafa a bakin hoton, don maganarsa ta yi zaƙi ko bakin ya manne. A cire hoton a ƙona, daren jajibiri a liƙa sabo. Bayan tafiyarsa ake kama shara, tun daga yanar rufi har ƙarƙashin gado, a wanke labule da barguna, a yi aski, a sayi sababbin kaya.

Sannan bashi. Wannan ɓangaren ba a cika nuna shi a hotuna ba, alhali yana daga cikin mafi nauyi. A al'ada ba a shiga sabuwar shekara da bashi a wuya, mai bin bashi kuma yana da damar matsawa har daren ƙarshe, amma da gari ya waye babu halin tambaya sai bayan biki. Shi ya sa a zamanin baya talakawa ke kiran lokacin nianguan, mashigar shekara, kamar shingen da sai da ƙyar ake wucewa. Har gobe a makonnin nan ne rigimar albashin leburorin gine-gine ke tashi, don ɗan kwangila kan riƙe kuɗin sai ƙarshen shekara, lebura kuwa ba zai shiga ƙauye hannu rabbana ba.

Kafin a je ga ƙofa da akushi, akwai mabuɗin da in babu shi al'adun za su zama kamar tarin camfi marar kai. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, kuma gaɓoɓinsa kaɗan ne, don haka kalmomi masu sauti ɗaya sun yi yawa ƙwarai. A lokacin biki ana ɗaukar abu a matsayin kalmar da sunansa ya yi kama da ita. Ƙura chen ce, tsohon abu ma chen, to share ƙura fitar da tsohuwar shekara ke nan. Kifi yu ne, rara ma yu. Huɗu, si, tana kama da mutuwa, takwas, ba, tana kusa da fa, arziki. Nan ne baƙo ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Kyautar agogon bango, song zhong, sautinta ɗaya da raka mamaci. Laima, san, tana kama da watsewa. Lemun tanjirin kuwa ana so, don sunansa yana kusa da sa'a, a kudu ma bibbiyu ake kai shi gidan da aka je gaisuwa.

A ƙofa ana liƙa baiti biyu a kan jajayen takardu dogaye, ɗaya kowane gefe, da gajeriyar takarda a sama. Asalinsu allunan itacen da ake ratayewa don tsari, kuma ana jingina baitin farko da aka sani ga Meng Chang, sarkin Shu, a shekarar 964. Yin su yana da ƙa'ida. Dole haruffan baitocin su zo daidai, galibi bakwai-bakwai, suna ya fuskanci suna, aikatau ya fuskanci aikatau. Baitin farko yana ƙarewa da harafi mai karin sauti na uku ko na huɗu cikin huɗun da Sinanci ke da su, na biyu yana ƙarewa da mai sauti na ɗaya ko na biyu, da haka ake gane wanne ne gaba. In takardar sama daga dama ake karanta ta, baitin farko yana hannun daman mai fuskantar ƙofa, in daga hagu ne ya koma hagu. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya su, kuma dattijon unguwa da kallo ɗaya zai gane. Da kokon fulawa ake liƙawa a da, yanzu salatif ya karɓe. Harafin fu, albarka, wasu kan liƙa shi a kife, don kifewa da isowa duk dao ne, albarka ta iso ke nan. Masu tsantseni kan ce a bar wannan ga randa da akwati da kwandon shara, na babbar ƙofa a tsaye ya kamata ya zauna. Gidan da aka yi rasuwa ba ya liƙa ja. Gwargwadon yanki, ko ya yi amfani da fari ko rawaya ko kore, ko ya bar ƙofar haka nan har shekara uku, mai wucewa ya gane ba sai an faɗa masa ba.

Duk wannan shiri saboda dare ɗaya ne, kuma daren ba ya cika sai kowa ya iso. A nan tsohuwar al'adar manoma ta ci karo da Sin ta masana'antu. Kusan mutum miliyan 300 'yan ƙauye ne da ke aiki ba a gona ba, da yawansu a biranen da ke nesa da gida, wasu sun bar 'ya'yansu hannun kakanni, sau ɗaya suke ganinsu a shekara. Zirga-zirgar komawa gida, chunyun, kwana 40 hukuma ke ware mata, 15 kafin biki, 25 bayansa. A 2019 an ƙirga tafiye-tafiye kusan biliyan 3 a motocin haya da jiragen ƙasa da na sama da na ruwa, da aka fara haɗawa da motocin gida kuwa lissafin 2025 ya kai wajen biliyan 9. Tikitin jirgin ƙasa a manhajar 12306 kwana 15 kafin tafiya yake fitowa, na manyan hanyoyi kan ƙare cikin mintuna. In abu ya lalace a wannan lokaci, lalacewar babba ce. A farkon 2008 ƙanƙara ta karya layukan lantarki a kudu, dubban ɗaruruwan matafiya suka maƙale a tashar jirgin Guangzhou. A 2020 kuma an rufe birnin Wuhan saboda cutar korona ranar 23 ga Janairu, saura kwana biyu biki, bayan jama'a da yawa sun riga sun kama hanya.

Daren jajibiri sunansa chuxi. An saba kiransa daren talatin, amma daga 2025 har 2029 watan ƙarshe kwana 29 yake yi, don haka shekara biyar a jere babu talatin ɗin. A gidajen da ke riƙe da gargajiya, kakanni ake fara ba abinci. A jera kwanuka da ƙananan kofunan shayi ko giya gaban allunan sunayensu ko hotunansu, a kunna turaren tsinke, a rusuna daga babba zuwa ƙarami, a ƙona kuɗin takarda. Sannan rayayyu su zauna, dattijo a kujerar da ke fuskantar ƙofa. Wanda bai samu zuwa ba akan ajiye masa kwano da tsinken cin abinci a gurbinsa. Wannan kwanon da ba mai ci ya fi komai nuna abin da daren yake nufi.

Kifi dole ne, kuma ɗungurungum, da kai da wutsiya, don shekara ta yi farko ta yi ƙarshe. Ba a cinye shi, ana barin saura ya kwana, saboda fatan da ake furtawa, nian nian you yu, kowace shekara da rara. A garuruwan masunta ba a juya kifi in an cinye gefe ɗaya, don juya shi kamar kifar da kwalekwale ne, sai dai a ɗage ƙashin a ci na ƙasa. Kaza ma guda ake kawo ta. A kudu, ƙasar shinkafa, akwai niangao, wainar garin shinkafa mai danƙo da ake turarawa, sunanta yana kama da shekara mai hawa sama.

A arewa, ƙasar alkama, jiaozi ne sarki: ƙullin fulawa da aka cusa wa nama da ganye aka naɗe kamar tsohon curin azurfa da ake ciniki da shi. Aikin gayya ne na gida duka, kuma yana da wuraren da yake ɓaci. Fulawa giram 500 tana ɗaukar ruwan sanyi kamar mililita 260 da ɗan gishiri, a murza har ya yi santsi, a rufe ya huta minti 30 aƙalla, in ba haka ba zai riƙa tsukewa ana miƙa shi. Wannan kan ba da fata, wato faifan ƙullin da ake naɗe naman a ciki, wajen 70, kowacce giram goma ko kusa, faɗinta santimita takwas, tsakiya da kauri, baki siriri. Na ciki kuwa niƙaƙƙen nama ne rabin kilo, galibi na alade, Musulmin Hui kuma na rago ko na sa, da kabejin Sin kwatankwacin haka, da citta da albasa mai ganye da man riɗi. Kabejin ne ke kayar da sabon hannu. Sai an yanka shi ƙanana, an barbaɗa gishiri, an bar shi kwata na awa, an matse ruwan sosai, in ba haka ba ruwan zai fito cikin ƙullin ya hana bakin mannewa. Naman kuma gefe ɗaya ake juya shi har ya kama jikinsa. A zuba cikin ruwa mai tafasa, a tura da bayan ludayi kada su kama gindin tukunya, duk lokacin da ya tafaso a zuba kofin ruwan sanyi, har sau uku. Hikimar ita ce naman ya nuna ba tare da tafasa mai ƙarfi ta yaga fatar ba. In duk da haka ɗaya ya fashe, ba a cewa ya fashe a daren nan, sai a ce zheng le, ya ci riba. Wasu gidajen kan ɓoye wankakken kwabo cikin ɗaya, wanda ya tauna shi ne mai sa'ar shekara, ko da yake saboda yara da haƙoran tsofaffi da yawa sun koma sa gyaɗa ko dabinon Sin.

Bayan abinci ba a kwanciya, ana raya daren da fitilu a kunne har shekara ta juya. Tun 1983 abokin hirar daren shi ne shirin nishaɗin gidan talabijin na ƙasa, CCTV, da ke farawa ƙarfe takwas ya wuce sha biyu, matasa na kushe shi kowace shekara amma akwatin na kunne. Sha biyun dare kuwa lokacin baozhu ne, inda aka yarda ke nan. Beijing ta hana a 1993, ta sassauta bayan shekara goma sha biyu, a daren rufe bikin 2009 wasan wuta ya cinye wani dogon gini na CCTV da ake gab da kammalawa, daga 2018 aka sake hanawa a tsakiyar birnin. Hujjar hukuma gobara ce da hayaƙi da raunukan ido da yatsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Masu ƙorafi su kuma suna cewa biki ya rasa ɗanɗanonsa, shi ya sa birane da yawa suka koma ware wurare da sa'o'i.

Jan ambulan, hongbao, ya yi kama da goron sallah, sai dai ƙa'idodinsa sun fi yawa. Tsohon sunansa yasuiqian, kuɗin danne sui, sui kuwa shekarun mutum ne kuma sunan wani aljani ne da aka ce yana taɓa yara cikin barci. Manya ke ba yara, ɗan da ya fara aiki kuma ya ba iyaye da kakanni. Sababbin takardun kuɗi ake sawa, shi ya sa bankuna ke cika a makon ƙarshe. Adadin ya zama cika, ba mara ba, a guji huɗu, a nemi shida ko takwas: 200, 600, 800 na yuan, kuɗin Sin. Farin ambulan na ta'aziyya ne, kada a kuskura. Yaro ya gaida babba da fatan alheri, ya karɓa da hannu biyu, ba ya buɗewa a gabansa. A Guangdong da Hong Kong masu aure ne ke ba marasa aure, kuɗin kaɗan ne, 10 ko 20 ko 50 na kuɗinsu, amma har mai gadi da mai shara suna samu. A wasu lardunan gabas kuwa ambulan ɗaya kan kai ɗaruruwa ko dubbai, har ya zama kaya ga mai ƙaramin albashi da ke da 'ya'yan 'yan'uwa goma. Tsarin Guangdong ya fi kusa da manufar abin, don albarka ake rabawa, ba gasa ba. Tun 2014 manhajar WeChat ta shigo da ambulan na waya, wanda na yau da kullum ba ya wuce yuan 200, ana jefa shi cikin zauren dangi kowa ya yi rige-rigen dannawa.

Da gari ya waye, dokar ta juya. Jiya shara wajibi ce, yau haram: tsintsiya za ta fitar da arzikin da ya shigo. Ba a wanke kai, don harafin gashi shi ne na arziki. Ba a taɓa wuƙa ko almakashi, shi ya sa ake dafa abinci da yawa tun jiya. Ba zagi, ba dukan yaro, ba ambaton ciwo ko mutuwa. In kwano ya faɗi ya fashe, nan take wani zai ce sui sui ping an, lafiya kowace shekara, don fashewa ma sui ce. Ana fara gaisuwa daga dangin uba. Rana ta biyu ta matan aure ce, su tafi gidan iyayensu da miji da yara da kaya niƙi-niƙi. Wannan tsari ya dace da zamanin da gida ke da 'ya'ya da yawa. Bayan dokar haihuwar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, miji tilo ne mata ma tilo, garuruwansu na iya yin nisan kilomita dubu, sai tambayar gidan wa za a kwana ta zama abin faɗa a kowace shekara. Wasu na yin karɓa-karɓa, wasu na ɗauko iyayen duka su kawo birni. Marasa aure su kuma tambayar gwaggo da kawu ce ke jiransu: yaushe ne, nawa ne albashin.

Sauran ranakun kowacce da abinta. Ta uku a kudu ba a son ziyara, an ce ranar saɓani ce. Ta biyar ake karya hane-hane, a kwashe sharar da ta taru, a tarbi abin bautar dukiya, shaguna da yawa su buɗe. Ta bakwai ranar haihuwar ɗan Adam ce. A lissafin gargajiya ma da sabuwar shekara kowa ke ƙara shekara, jariri kuma da ɗaya yake zuwa duniya, don haka wanda aka haifa daren jajibiri washegari shekararsa biyu. Shekarun suna zagaya dabbobi goma sha biyu, ɓera, sa, damisa, zomo, long wato macijin almara mai ƙafafu da ƙaho, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade, kuma wanda shekarar dabbarsa ta zagayo yakan sa jan abu a jiki, ko ɗamara ko safa, don ana ganin shekara ce mai haɗari gare shi. Ranar goma sha biyar, da wata ya cika, ake rufewa da bikin fitilu, da kacici-kacici rataye a jikinsu, da curin shinkafa mai danƙo cikin romo mai zaƙi. Aski dai a arewa wasu ba sa yi har watan ya fita, saboda camfin cewa aski a watan ɗaya yana kashe kawu, sai biyu ga wata na biyu shagunan aski su cika maƙil.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Maraɗi da ke saro kaya daga Guangzhou ko Yiwu, wannan kalanda ta shafe shi kai tsaye, kuma kuskurensa shi ne ya duba hutun gwamnati ya ce ai mako guda ne. Masana'anta kan fara rage aiki mako biyu kafin biki, don ma'aikata na tafiya da wuri saboda tikiti, da yawansu kuma ba sa dawowa sai bayan bikin fitilu, wasu ma ba sa dawowa sam, sun samu wani wurin. Babbar kasuwar Yiwu takan buɗe ne wajen goma sha biyu ga wata. Haƙiƙanin tsayawar aiki mako uku ne zuwa huɗu, komawa daidai kuma ta fi haka. Kafin rufewa kowa na rububin fitar da kwantena, kuɗin jirgi ya tashi, wasu kwantenonin a bar su sai jirgi na gaba. Mai masana'anta zai matsa a cika masa ragowar kuɗinsa kafin biki, saboda shi ma sai ya sallami ma'aikata da masu ba shi zare da rini. A 2026 da 2027 bikin da farkon azumi kusan tare suke faɗowa, tazarar ba ta wuce kwana uku ba, jirgin ruwa daga kudancin Sin zuwa Legas kuwa yakan ci wajen wata ɗaya da rabi kafin a zo maganar fito da kaya daga tashar. Ke nan atamfa da shadda da leshin ƙaramar sallah dole su bar Sin tun Disamba ko farkon Janairu, odar kuma a ba da ita tun Oktoba ko Nuwamba. Kayan farko da masana'anta ta fitar bayan hutu, sababbin hannaye ne suka yi yawancinsu, don haka a sa wakili ya buɗe dila ya duba launi da tsawon yadi kafin a loda.